Littafin yara mai zane a kan gwanayenmu: da wa za a fara?

Maman Walida:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da shawara, kuma ina so a tauna ta sosai kafin kowa ya ce to. A shagunan littattafai yanzu akwai wasu ƙananan littattafan yara na Turanci, kowane ɗaya tarihin mutum ɗaya, rabin shafi zane, rabi labari. Akwai na Frida Kahlo, mai zanen nan 'yar ƙasar Meziko. Yaro ɗan shekara bakwai zai karanta ya gaya maka ta yi hatsarin bas a 1925, ta daɗe kwance tana jinya, aka kafa mata madubi a saman gado ta riƙa zana fuskarta. Ba ni da ja da wannan, ilimi ne. Amma yaron nan kullum ana aikensa da naira ashirin, bai san matar da ke bayan takardar ba. A zauren nan akwai marubuta, akwai malaman makaranta, akwai masu zane. Me zai hana mu yi namu da Hausa? In kun amince, da wa za mu fara?

Ɗan Funtuwa:
Wa alaikumus salam Anti. Ai wannan ba abin tambaya ba ne. Shata. Duk wanda za a sa, bayansa zai biyo.

Baban Khalifa:
Ni Ɗan Maraya Jos na zaɓa, don labarinsa kamar don yara aka yi shi. An haife shi a Bukur a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin Hausawan garin ya riƙe shi. Ya ɗauki kuntigi, ɗan abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, ya shiga duniya da shi. Kuma waɗanda ya fi yi wa waƙa su ne talakawa: karen mota, ɗan adashi, ma'aurata. Marayan da ke aji zai ga kansa a ciki.

Malamin Firamare:
Maman Walida, Allah ya saka da alheri. Ina koyar da Hausa a aji huɗu da biyar. Abin da muke da shi na karatu yawanci tatsuniya ce da labarin dabbobi, sai littafin darasi. Tarihin mutum na gaske wanda yaro zai iya karantawa shi kaɗai, babu. Akwai manyan ayyuka da malaman jami'a da 'yan jarida suka yi a kan makaɗa da mawaƙa, har da katafaren littafin tarihin Shata da ya fito a 2006, amma wannan na manya ne, yaro ko ɗaga shi ba zai yi ba. Ni dai ina goyon baya ɗari bisa ɗari. Sharaɗina ɗaya: jimloli gajeru, kuma a sa ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ. Kar a kawo mana littafin da zai rushe abin da muke ginawa a aji.

Mai Fensir:
Yayyena, ni ne za a ce in zana, don haka ku ba ni dama in faɗi inda gizo ke saƙar tun yanzu. Mutane na ɗauka rubutun shi ne tarihi, zanen kuma ado. A littafin yara ba haka ba ne. Yaro zai manta shekarar da aka rubuta, amma ba zai manta hoton ba. In na zana kuskure, na koya masa ƙarya, kuma ƙaryar za ta zauna a kansa har ya girma.

Ga misali. Ɗan Funtuwa ya ce Shata. Ka tara masu zane ka ce su zana shi, da yawansu za su rataya masa kalangu a kafaɗa. Alhali Shata ba ya kiɗa, waƙa yake yi. Makaɗansa da 'yan amshi suna bayansa, shi yana gaba. To shi kansa kalangun: baki biyu ne da shi, tsakiyarsa a tsuke, tsirkiyoyi sun haɗa fatar nan da waccan, ana matse shi a hammata ana sassautawa don ya yi magana, ana bugunsa da lanƙwasasshen makaɗi. Kotso kuwa, na su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, baki ɗaya aka rufe da fata, ɗayan a buɗe yake, kuma da hannu ake kaɗa shi, ba da sanda ba. Taushi na su Jankiɗi wani abu ne daban. Gurmin Haruna Uji ba kuntigin Ɗan Maraya ba ne. Wanda bai taɓa riƙe waɗannan ba, ganga ɗaya zai zana wa kowa.

Don haka in za a yi, sai an ba ni lokaci in je in zauna da makaɗa, in ga yadda mutum ke zama, yadda yake ɗora yatsunsa. Ba zan zana daga ka ba.

Ɗan Birni 24:
Mai Fensir, da girmamawa, wannan duk ɓata lokaci ne. Yanzu akwai manhajar da za ka rubuta mata abin da kake so ta fitar maka da hoto cikin minti ɗaya. A yi amfani da ita a rage kuɗi.

Mai Fensir:
Ƙanena, gwada da kanka ka turo mana nan. Rubuta mata makaɗin Hausa da kalangu. Abin da na sha gani shi ne doguwar gangar Mali ko ta Gini a tsakanin cinyoyi, da rawani irin na wasu ƙasashe, da rigar da ba babbar riga ba, ba kaftani ba. Manhajar ba ta san aska tara ba, ba ta san ƙube da zanna ba, ba ta san kotso ba. Abin da ta fi gani a intanet shi take maimaitawa, mu kuwa namu bai yi yawa a can ba. Shi ya sa ma muke son yin littafin.

Malam Na Zaure:
Assalamu alaikum. Na karanta duk abin da aka rubuta. Niyyar mai kyau ce, amma akwai abu biyu da ban ga an taɓo ba. Na farko, zanen abu mai rai. Na biyu, su wa muke ɗora wa yaranmu a matsayin abin koyi? In ka ba yaro littafi mai kyau da launi a kan mawaƙi, ka gaya masa ne cewa wannan hanya ce ta bi. Ni ban shirya ɗana ya ce mini zai zama maroƙi ba.

Maman Walida:
Allah ya gafarta Malam, mun gode da ka yi magana a fili. Kan na farkon, kai ne masani, me malamai suka ce?

Malam Na Zaure:
Akwai saɓani, Hajiya. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan masu sura ingantattu ne, ba a wasa da su. Malamai sun fi tsanantawa a kan mutum-mutumi mai jiki da inuwa. Zanen da ke shimfiɗe a takarda, wasu sun hana, wasu sun ce makaruhi ne, wasu sun sassauta musamman in don karantarwa ne. Masu sassautawa a kan yara suna kafa hujja da cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana wasa da 'yar tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ta ba. Ni a kan wannan ba zan tsaya muku a hanya ba. Maganata ta biyu ce ta fi damuna.

Ɗan Funtuwa:
Malam, a gafarce ni. Shata ba a roƙo kaɗai ya tsaya ba. Ya yi wa noma waƙa, ya yi wa sojojin da suka tafi yaƙi, lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama da lokacin canjin kuɗi da muryarsa aka wayar da kan mutanen karkara. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba, ya fara da tallar goro da alewa. Ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Wannan tarihin ƙasarmu ne, ko mun so ko mun ƙi.

Malam Na Zaure:
Ban musa ko ɗaya ba, ɗana. To amma akwai zambo, akwai habaici, akwai waƙar da kowa ya sani mai maganar shan barasa. Za ku sa su ko za ku ɓoye? In kun sa, ba na yara ba ne. In kun ɓoye, kun yi masa tarihin da ba nasa ba.

Hajiya Yaya:
Malam ya yi tambayar da ta fi kowace nauyi a zauren nan, kada a tsallake ta. Na yi shekaru ina aikin gyaran rubutu, ga yadda nake gani. Akwai bambanci tsakanin ka yi shiru a kan abu da ka faɗi akasinsa. Littafin yara ba ya ɗaukar komai, dole a zaɓa. Su ma masu littafin Frida Kahlo ba su gaya wa yara duk rigingimun aurenta ba, kuma ba wanda ya ce sun yi ƙarya. Ƙarya ita ce ka zana Shata da carbi a kowane shafi kamar limami, ko ka rubuta cewa bai taɓa ɓata wa kowa rai ba. Amma za ka iya rubuta cewa bakinsa na da kaifi, manya na tsoron ya sa su a waƙa, kuma ba duk abin da ya rera ne iyaye ke so yara su ji ba. Yaro ya fahimci wannan sarai, a gidansu ma akwai maganar da ba a yi a gabansa. In ya girma ya nemi sauran, ba zai ce mun yaudare shi ba.

Haka Barmani Choge, Allah ya jiƙanta, ta rasu a 2013. Ta yi kiɗan ƙwarya a gidajen biki, cikin mata, kuma wasu baitocinta na cikin ɗaki ne. Amma ita ce ta riƙa zaburar da matan kulle su tashi su nemi sana'a. Wannan ɓangaren ba ƙaramin abu ba ne ga 'yar shekara tara. Ban yarda a jefar da shi don ɗayan ba.

Malam Na Zaure:
Hajiya, na ji, kuma hujjarki ta fi ta sauran ƙarfi. Duk da haka ni ba zan saya wa 'ya'yana na mawaƙa ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma in kun yi na Nana Asma'u 'yar Shehu, ni zan fara saye, har in raba wa ɗalibaina. Ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kafa tsarin 'yan taru, tana naɗa mata malamai da ake kira jaji suna shiga ƙauyuka suna karantar da mata.

Mai Fensir:
Malam, wannan zan so in yi shi, amma ga tambaya gare ka. Babu hotonta, ba wanda ya san kamanninta. In na ƙirƙiro mata fuska, bayan shekara goma za ka ga fuskar tana yawo a Facebook ana cewa ita ce. An sha yin haka da hotunan wasu tsofaffi ana liƙa wa magabata. Abin da nake tunani shi ne kar in nuna fuskarta ko sau ɗaya. In nuna hannunta a kan takarda da alƙalamin kara da tawada, in nuna ta ta baya tana zaune mata sun kewaye ta, in nuna jaji sanye da malfa a kan hanya da ayarin mata a bayanta. Yaro zai san ita ce ba tare da na yi mata ƙarya ba.

Malam Na Zaure:
Wannan ya yi. Allah ya yi maka albarka.

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum daga Nijar. Mun ji daɗi da munka ga wannan magana. Roƙona shi ne kar ku tsaya ga iyaka. Mu nan da muryar Shata da Ɗanƙwairo munka tashi, amma ku can ba ku san namu ba. Akwai Ɗan Gurmu na Tawa, wanda anka sa ma gasar kiɗa ta ƙasa sunanshi. Akwai Malam Maman Barka da ya rasu 2018, malamin makaranta ne, ya tafi gabas wajen tafkin Chadi ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya, wajen tsohon da ya rage yana kaɗa shi, don kar abin ya ɓace. In an kai ga nasu, ni zan nemo muku mutane.

Maman Walida:
Ɗan uwa, an rubuta. Ba za mu manta ba in sha Allah.

'Yar Suleja:
Na yi ta jira in ga ko wani zai koma kan matar naira ashirin, shiru. To ni a Suleja na girma, bari in yi mata magana.

Sunanta Ladi Kwali, 'yar ƙabilar Gbagyi ce, an haife ta a garin Kwali wajajen 1925. Kar a mai da ta Bahaushiya a littafin don kawai da Hausa muka rubuta. A garinsu ginin tukwane aikin mata ne, ita ma a hannun gwaggonta ta koya tun tana yarinya. Yadda suke yi, ba tukunyar ke juyawa ba, maginiyar ce ke juyawa. Za ta ajiye curin yumɓu, ta sunkuya, ta riƙa zagaya shi tana jan bangon sama da hannu, tana murza yumɓu kamar igiya tana ɗorawa, hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, har tulu ya tashi cif ba karkata. Kafin ya bushe sai ta zana masa kunama, ƙadangare, kada, hawainiya, maciji, kifi, tsuntsu. Mai Fensir, ka ga abin da yara za su so.

Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana tara tukwanenta a gidansa. Abujar da ake nufi ita ce Suleja ta yanzu, kafin a ba sabon birnin tarayya sunan. A nan wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su. Ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko. A can ta koyi gini a kan faifan da ake juyawa, tana yin kwanuka da kofuna, amma manyan tulunan ba ta daina gina su da hannu ba. An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta je Amurka a 1972 tana gini a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi boko ba. Ta rasu a Minna a 1984.

Amma ga abin da nake so a sa, wanda ba a cika faɗa ba. Tulun gargajiya ana gasa shi ne a fili da itace da ciyawa, jikinsa na tsatsafo da ruwa kaɗan-kaɗan, iska na busarwa, shi ya sa ruwan ciki ke sanyi. A cibiyar kuwa ana shafa wa tulun sinadarin ƙyalli a gasa shi a tanderu mai tsananin zafi. Ya fito da kyau, yana sheƙi, ya yi ƙarfi, amma ya yi nauyi kuma ya daina sanyaya ruwa. Wato tulun da ya kai sunanta Ingila ba tulun da matar Kwali za ta ɗauka zuwa rafi ba ne. Wannan shafi ɗaya zai koya wa yaro kimiyya da tarihi a lokaci guda, kuma zai sa ya yi tunani.

Malamin Firamare:
Malama, kin gama magana. Ladi Kwali na ba ƙuri'ata. Kowane yaro a ajina zai iya zaro naira ashirin ya duba, kuma akwai randa a gidajensu.

Baban Khalifa:
Ni har yanzu Ɗan Maraya nake so, amma na yarda ya zo na biyu. Abu ɗaya da na lura: 'Yar Suleja ta ce wajajen 1925. A kiyaye wannan. Mutanen nan yawancinsu ba a rubuta ranar haihuwarsu ba. Shata ana cewa 1923, Ɗanƙwairo kuwa za ka ga littattafai sun saɓa. Inda ƙiyasi ne a rubuta wajajen, kar a yi wa yaro kamar an tabbatar.

Ɗan Funtuwa:
Kun haɗe mini kai. Shi ke nan, amma in an zo na Shata ni zan kai Mai Fensir wajen tsofaffin da suka san makaɗansa.

Hajiya Yaya:
Tunda an karkata, ga maganar aiki. Irin wannan littafi yawanci shafi 32 ne, saboda yadda ake naɗe babbar takarda a maɗaba'a, takwas-takwas ko sha shida-sha shida. In an cire shafin suna da na bayanan bugu, abin da ya rage bai kai talatin ba, don haka labarin gaba ɗaya kar ya wuce abin da uwa za ta karanta wa ɗanta kafin ya yi barci. Marubuci ya fara, mai zane ya tsara shafukan da fensir, mu duba tare, sannan a sa launi. Kar marubuci ya faɗi abin da zane ya riga ya nuna.

Sai kuɗi. Bugu mai launi na da tsada, takarda mai kauri daga waje take zuwa. In aka buga a takardar da ake buga littattafan kasuwa, launin zai huda ya ɓata ɗaya gefen. Gara mu buga kaɗan mai kyau. Kuma a biya mai zane haƙƙinsa, ba a ce masa sadaka ce ba.

Na ƙarshe, iyali. Ba za a zana uwar mutane a sayar ba tare da an je an gaishe su ba. Hotunan da za a duba a yi zanen ma suna da masu su, ba a kwafa kai tsaye.

Ɗan Birni 24:
To a yi shi da Hausa da Turanci a shafi ɗaya mana, ya fi sayuwa.

Malamin Firamare:
A'a. Na ga irinsu a aji. Yaron makarantar kuɗi Turancin zai karanta ya tsallake Hausar, iyayen ma haka. In ana so a yi na Turanci daban daga baya.

'Yar Suleja:
In dai za a ƙara wani harshe, na Gbagyi ya fi cancanta, tunda tasu ce. Akwai malaman makaranta a Kwali da za su iya fassarawa, a buga musu nasu.

Maman Walida:
Wannan ya shiga. Ga inda muka tsaya: Ladi Kwali ta farko, Ɗan Maraya na biye, Nana Asma'u bisa tsarin da Mai Fensir ya kawo Malam kuma ya duba mana rubutun. Na Shata da Barmani za a sake zama a kansu, don maganar Malam da ta Hajiya Yaya ba ta ƙare ba. Ni zan yi daftarin farko na labarin in turo wa Hajiya Yaya. Malamin Firamare zai karanta wa ajinsa ya gaya mana inda suka yi hamma.

Mai Fensir:
Anti 'Yar Suleja, ina buƙatar abu uku kafin in taɓa takarda: in ga mace tana gina tulu da hannu tun daga curin yumɓu har baki, in ga ranar gashi, in kuma ga yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya a kafaɗa, don na san ba a ka suke ɗorawa ba. Yaushe ne ya fi dacewa?

'Yar Suleja:
Da rani, ƙanena, lokacin ne aka fi gashi, damina tukunya ba ta bushewa da wuri. Ka bari in yi magana da matan tukuna, sai sun amince a zauna a kalle su. In sun ce to, zan sanar a nan, duk mai son zuwa ya shirya kuɗin motarsa.